Magani da Mahaɗinsa: Waiwaye a kan Tarihin Shan Maganin Gyambon Ciki a Ƙasar Magarya da Dungas

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shimfiɗar ɗan magori a kasuwar Magarya, ko ta Dungas, ko ta Waca, ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa da miƙa ƙullin magani. Sai mai saye ya tambaya, "Da me ake sha?" Amsar da za a ba shi ita ce rabin abin da ya biya: wani maganin a kunu ake damawa, wani a nono, wani a jiƙa shi ya kwana da ɗan gutsuren jar kanwa, wani kuma a kwaɓa da zuma a riƙa lasa tun ba a karya kumallo ba. Wannan abu da ake haɗa magani da shi don ya ratsa jiki, shi Bahaushe ke kira mahaɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin mahaɗi a tarihin maganin ciwon ciki, musamman gyambon ciki, a gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram. Gundumomin biyu a haɗe suke har shekarar 2011 da aka ɗaga Dungas ta tsaya da kanta, kuma ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 900,000 a cikinsu. Abin da muke son tabbatarwa ɗaya ne. Rubuce-rubucen da aka yi a ƙarni na 20 a kan magungunan Hausawa sun adana mana sunayen itatuwa da kyau, amma sun taƙaita bayanin yadda ake shan su. Ga shi kuwa ilimin haɗa magunguna na yau ya nuna cewa, a cutar tumbi, samun sinadari mai kashe ƙwayar cuta shi ne mai sauƙi. Isar da shi inda ƙwayar take, da tsayar da shi a wurin, nan gizo ke saƙa. Ke nan ɓangaren da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne wanda bincike ya fi bukata a yanzu.

2.0 Ƙwayar cutar da yanayin maɓoyarta

Kafin mu shiga tarihin yankin, ya kamata mu fayyace irin matsalar da mahaɗi ke fuskanta. Har zuwa farkon shekarun 1980, likitocin Turai sun ɗauka cewa yawan asid da damuwa su ke haddasa gyambon ciki. A 1982 wasu likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rayar da wata bakteriya mai siffar murɗaɗɗen zare da suka ciro daga tumbin majinyata. A 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita da gangan, ya kamu da kumburin tumbi, don ya gamsar da masu shakka. Ita ce aka raɗa wa suna Helicobacter pylori a 1989. A 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi, a 2005 kuma aka ba likitocin biyu kyautar Nobel.

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Linz da abokan aikinsa (2007) sun nuna cewa tare da ɗan Adam ta fita daga gabashin Afirka, kimanin shekara 58,000 da suka wuce. Binciken jini da Holcombe da abokan aikinsa (1992) suka yi a arewa maso gabashin Nijeriya ya sami alamarta a jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada, akasarinsu kuma tun suna yara suka kamu. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kaɗan ne daga ciki ke kaiwa ga gyambo.

Abubuwa uku suka sa kashe ta ke da wuya. Na farko, tana zaune ne cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, wasu ma manne da bangon kansa. Na biyu, tana fitar da wani sinadari, ureyas, mai samar da amoniya, wanda ke kashe kaifin asid a kewayenta, alhali asid ɗin yana lalata wasu magunguna kafin su kai gare ta. Na uku, tumbi mashiga ce: ruwa zalla ba ya daɗewa a ciki, kafin rabin awa yawancinsa ya gangara hanji. Saboda haka jiƙon da aka kwankwaɗa a kan yunwa, komai ƙarfinsa, ɗan lokaci kaɗan yake yi tare da abokiyar gabarsa.

Tarihin gwaje-gwaje ya cika da misalan wannan giɓi. A 1998 Huwez da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa ƙaron wata bishiya ta tsibirin Kiyos na ƙasar Girka yana kashe ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje. Da Bebb da abokan aikinsa (2003) suka ba mutane shi, ƙwayar ba ta gusa ba. Haka tafarnuwa: tana kashe ta a faranti, amma gwajin Graham da abokan aikinsa (1999) a jikin mutane bai nuna wani tasiri ba. Daga nan ne masu bincike suka mai da hankali ga abin da muka kira hanyoyin isar da magani.

3.0 Zamanin Damagaram: kafin 1899

Yankin da muke magana a kansa mahaɗar ƙasashe ce tun asali. Dungas da Waca na cikin ƙasashen Sosebaki, yammacin yankin kuwa yana da tsohuwar alaƙa da gidan sarautar Daura, wanda jihadi ya tarwatsa a farkon ƙarni na 19, kamar yadda Smith (1978) ya bayyana. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, duk yankin ya shiga ƙarƙashin inuwar Zinder, kamar yadda Salifou (1971) ya nuna. Hanyoyin fatauci da suka haɗa Zinder da Kano ta nan suka ratsa, kuma abin da ya shafe mu a cikin kayan fataken shi ne kanwa. Lovejoy (1986) ya yi cikakken bayani a kan yadda kanwar Manga da Muniyo da ta bakin tafkin Cadi ke gangarowa kudu, iri daban-daban, da yadda ake amfani da ita a girki, da kiwo, da jima, da kuma maganin ciki. Tare da ita ake samun kayan yaji, irin su kanumfari da citta da masoro da kimba, waɗanda su ma mahaɗai ne.

Itatuwan kuwa a gida suke. Sunan Magarya kansa sunan itace ne. Daga cikin waɗanda aka sani da maganin ciki a ƙasar Hausa akwai sabara, da bagaruwa, da kalgo, da marke, da maɗaci, da ɗanya, da ƙirya, da tsamiya. Masu sana'ar su ma iri-iri ne: bokaye, da ƴan magori masu yawon kasuwanni, da wanzamai, da maharba, da ungozomai, da malamai masu haɗa rubutu da sassaƙe. Ta wajen malaman ne ilimin ɗibbu na littattafan Larabci ya shigo, kuma Abdalla (1997) ya nuna cewa shugabannin jihadin Sakkwato, musamman Muhammadu Bello, sun yi wallafe-wallafe a kan magani.

Babbar shaidar da wannan zamani ya bar mana a kan mahaɗi tana cikin harshen kansa. Hausa ta bambanta jiƙo, wanda ake yi da ruwan sanyi na ɗan lokaci, da tsimi, wanda ake bari ya daɗe har ya yi ƙarfi, da dafaffen magani, da gari, da abin lasa, da ɗauri da ake ɗura wa jarirai, da surace, da hayaƙi. Ta kuma rarrabe magunguna ta ɗanɗano da kama: mai ɗaci kamar maɗaci, mai bauri kamar bagaruwa, mai tsami, mai yauƙi, mai maiƙo. Al'umma ba ta tara kalmomi haka a kan abin da ba ta damu da shi ba. Wanda ya ce a dama garin sabara a kunu mai kauri, da wanda ya ce a jiƙa ganyenta a tace, a wurin Bahaushe magani biyu suka bayar, ko da yake itacen ɗaya ne.

Wajibi ne mu yi hattara a nan. Masu maganin wancan zamani ba su san bakteriya ba, kuma kalmar ciwon ciki tana ɗauke da cututtuka da yawa: ƙwannafi, da kumburi, da tsutsa, da atuni, da abin da ake dangantawa da sammu. Abin da suke nema shi ne lafawar ciwo da fitar dattin ciki. Iƙirarinmu bai wuce cewa sun lura da tasirin mahaɗi, sun kuma tsara shi.

4.0 Zamanin mulkin mallaka: 1899 zuwa 1960

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta Faransa da takwararta ta Ingila suka kafa turakun iyaka, suka bar Magarya da Dungas a hannun Faransa, Daura da Kazaure da Gumel a hannun Ingila. Miles (1994), wanda ya kwatanta Yekuwa ta ƙasar Magarya da Ƴardaje ta ƙasar Daura, ya nuna yadda wannan layi ya raba tsarin mulki da makaranta, ba tare da ya raba zumunta da kasuwa ba. Haka abin yake ga magani: ɗan magori bai san turke ba.

A 1905 aka kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma na Faransa, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likitoci ta Dakar. Amma ƙarfin wannan tsari ya tafi ne ga annoba, irin su agana da sanƙarau, da kuma lafiyar soja da ma'aikata. Talaka mai gyambon ciki a ƙauyen Malawa ko Bande bai shiga lissafi ba, kuma ko ya shiga, abin da likitan Turai na lokacin ke da shi bai wuce garin kashe kaifin asid, da bismut, da tsarin abinci, da fiɗa ba. Ya kamata a lura cewa garin bikarbonat da ake bayarwa a gidan likita ɗan uwan kanwa ne na jini, domin kanwa ta ƙunshi kabonat da bikarbonat na sodiyam.

Abin da zamanin ya kawo sabo, wanda ya shafi batunmu kai tsaye, shi ne jeri. J. M. Dalziel, likita ne da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har yau da su muke aiki, kuma bashin da ake bin mu game da su mai yawa ne. Sai dai tsarinsu tsarin masanin tsirrai ne: sunan Latin, sunan Hausa, ɓangaren da ake amfani da shi, cutar da yake magani. Itace shi ne kan magana, haɗi kuwa ya zama ƙarin bayani. Dalilin haka a fili yake. Tun da aka tsamo sinadarin mofin daga ofiyom a farkon ƙarni na 19, da kwinin daga ɓawon itacen sinkona a 1820, ilimin Turai ya ginu a kan neman sinadari guda mai aiki a cikin kowane tsiro. Ga mai wannan ra'ayi, kunu da nono da zuma ba su wuce abin haɗiye ɗaci ba.

5.0 Bayan mulkin kai: 1960 zuwa 1994

Sabuwar gwamnatin Nijar ta kafa ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, a 1962, ta ba shi alhakin shigo da magani da rarraba shi. A daidai wannan lokaci ƙasar Magarya na tsakiyar harkar gyaɗa, har aka kafa masana'antar matsar mai a garin. Faɗaɗa gonaki ya ci daji, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya bari. Dokokin daji da aka gada daga dokar Faransa ta 1935 sun mai da itace mallakar hukuma, don haka manomi bai ga dalilin rainon abin da za a ci shi tara a kansa ba. Mai magani da a da yake samun sassaƙe a bayan gari, sai ya koma saye daga nesa, kuma busasshen gari ya fi sauƙin ɗauka a kan ɗanyen ganye. Ba ƙaramin sauyi ba ne wannan ga hanyar shan magani.

A fagen ilimi kuwa, wannan ne zamanin manyan jerin tsirrai na Nijar. Adam da Echard da Lescot (1972) sun tattara magungunan Hausawan Adar. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya yi kira da a sa masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya na matakin farko, Adjanohoun da abokan aikinsa (1980) suka fitar da kundinsu na tsirran magani na Nijar. Waɗannan ayyuka sun fi na baya kula da haɗi, amma sau da yawa kalma ɗaya ta Faransanci, décoction ko macération ko poudre, ita ke ɗauke nauyin abin da Hausa ta rarrabe gida-gida. Kaurin kunun, da yawan kanwar, da tsawon jiƙon, da lokacin sha, su ne kan zube a hanya.

Masana halayyar al'umma ne suka fara cike wannan giɓi, ko da yake a kudancin iyaka suka yi aiki. Etkin da Ross (1982), a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun gano cewa kusan rabin tsirran da ake maganin ciki da su ana kuma cin su a abinci, suka ce ba a iya fahimtar ɗaya sai da ɗayan. Wall (1988) ya bayyana tunanin Hausawan ƙasar Malumfashi game da jiki da cuta. Sannan Etkin da Ross da Mu'azzamu (1990) suka nuna wani abu mai muhimmanci: da magungunan asibiti suka shiga ƙauye, mutane sun karɓe su ne da ma'aunin gargajiya, suna duba launi da ɗanɗano, suna kuma ba su matsayi irin na sassaƙe.

Wannan ya kawo mu ga kafso. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta buɗe ƙofar biyan kuɗin magani a gidajen likita, faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 kuma ta tsauwala farashin maganin da ake shigowa da shi. Yankin da ke da kasuwar Maigatari da ta Baɓura a bakin ƙofarsa bai rasa mafita ba: ƙwayoyi suka cika faifan ƴan talla, ana sayar da su ɗai-ɗai. A nan tsohuwar tambayar "da me ake sha?" ta haɗu da sabon magani, kuma ba kullum haɗuwar ke yin kyau ba. Tetrasaikilin, alal misali, idan aka sha shi da nono, sinadarin kalsiyam na nonon yana ɗaure shi ya hana jiki tsotsarsa. Ƙwayoyin kashe ciwo dangin asfirin, waɗanda manomi ke sha don gajiya, su kansu suna jawo gyambon ciki. Shan metronidazol barkatai don gudawa kuwa yana koya wa H. pylori jure masa: nazarin da Jaka da abokan aikinsa (2018) suka yi a kan rahotannin Afirka ya sami jurewar a kimanin kashi 75 cikin 100 na samfuran da aka gwada. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori mai jure wa kilaritromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake bukatar sabon magani dominsu, kafin ta cire ta a jerin 2024.

6.0 Inda sabon ilimi ya tarar da tsohon mahaɗi

Masu haɗa magunguna sun bi hanyoyi uku don tsayar da magani a tumbi: sa shi ya yi iyo a saman abin da ke ciki, sa shi ya manne wa yauƙin bango, da kuma lulluɓe shi don kada asid ya lalata shi. Kowace daga cikinsu tana da abin da ya yi kama da ita a madafin Bahaushiya. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, tare da bambanta abin da aka gwada da abin da hasashe ne.

6.1 Kanwa. A ƙarshen shekarun 1970 Sheth da Tossounian, na kamfanin Hoffmann-La Roche, suka ƙera kafso mai iyo a tumbi. Daga baya aka yawaita ƙwayoyin da ake sa wa bikarbonat: idan ya gamu da asid sai ya fitar da iska, iskar ta maƙale cikin ƙwayar ta ɗaga ta sama. Kanwa ma tana tafasa idan ta gamu da tsami, kuma tana rage kaifin asid na ɗan lokaci, abin da ya sa mai ƙwannafi ke jin sauƙi. Sauƙin ba warkewa ba ne. Haɗarinta kuma tabbatacce ne: Davidson da Parry (1978) sun danganta ciwon zuciya na masu jego a Zariya da kunun kanwa da wankan jego, saboda yawan gishirin da ke ciki.

6.2 Yauƙi. A 1998 Nagahara da abokan aikinsa a Japan suka zuba amoksisilin cikin ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu manne wa bangon tumbi, suka ga sun fi ruwan maganin zalla kawar da ƙwayar cutar a jikin wani irin ɓeran Mongoliya. A ɓangaren tsirrai, Lengsfeld da abokan aikinsa (2004) a Jamus sun nuna cewa ruwan ɗanyar kuɓewa yana hana H. pylori manne wa fatar tumbin mutum a ɗakin gwaje-gwaje. Nep da Conway (2011) sun auna ƙarfin mannewar yauƙin dargaza, suka ga ya cancanci a gina magani da shi. A Mali, sashen maganin gargajiya na hukuma ya daɗe yana sarrafa saiwar domashi ya zama maganin tumbi mai suna Gastrosédal, kuma Inngjerdingen da abokan aikinta (2014) sun sami cewa ruwan domashi da na rawaya suna rage mannewar ƙwayar, ko da yake ba su hana ta ɗungum ba. Duk wannan a faranti aka gani. Amma ya isa ya sa mu daina kallon kuɓewa da kuka da yoɗo a matsayin miya kawai.

6.3 Gero. Sanannen abu ne cewa abinci mai kauri ko mai maiƙo ya fi ruwa daɗewa a tumbi. Cisse da abokan aikinta (2018), a Bamako, sun auna cewa tuwon gero da na dawa da dambun gero sun yi kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankali da taliya suka yi kafin su bar tumbi. Da aka maimaita irin gwajin a Amurka ba a sami wannan bambanci ba, don haka maganar ba ta rufu ba. Duk da haka tambayar ta tsaya da ƙafarta: garin maganin da aka dama a kunu mai kauri ko fura, shin yana samun ƙarin lokaci a inda ake bukatarsa?

6.4 Ƙaro da nono. Ƙaron dakwara, wanda Nijar ke fitarwa daga gabashinta, yana cikin abubuwan da masana'antu ke lulluɓe sinadarai marasa jure iska da ruwa da su. Irin wannan lulluɓi ake nema wa sinadarin gangamau, wanda ba ya narkewa a ruwa. Nono kuwa kaifi biyu gare shi. Maiƙonsa na iya ɗaukar sinadaran da ruwa ba ya ɗauka, amma furotin ɗinsa yana ɗaure sinadarin bauri. Bagaruwa, wadda Amin da abokan aikinsa (2013) a Pakistan suka ga tana hana H. pylori girma tana kuma danne ureyas a faranti, cike take da bauri. Majema shaida ne. Ke nan bagaruwa a nono da bagaruwa a ruwa ba lalle su yi aiki ɗaya ba, kuma awo ne kaɗai zai raba gardama.

Akwai darasi kuma daga habbatus sauda, wadda shagunan maganin Musulunci suka yaɗa a garuruwanmu. A gwajin Salem da abokan aikinsa (2010) a Saudiyya, giram 2 nata a rana ya kawar da ƙwayar ga kimanin kashi biyu cikin uku na majinyata, ƙasa da abin da maganin asibiti ya yi, kuma tare da omefrazol mai rage asid aka ba da ita. Ko a nan, tsiro bai yi aiki shi kaɗai ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa mahaɗi tsohon ginshiƙi ne a maganin Hausawa, cewa tsarin jeri da aka gada daga zamanin Dalziel ya tura shi gefe, cewa zuwan kafso ya jirkita shi, kuma binciken H. pylori ya dawo da tambayarsa tsakiyar fage. Ba mu ce jiƙo ko tsimi yana warkar da wannan cuta ba. Abin da aka tabbatar yana kawar da ita shi ne haɗin magunguna uku ko huɗu na kwana 10 zuwa 14, wanda kuma ke aman jini, ko baƙin bayan gida, ko rama ba dalili, gidan likita ne wurinsa ba tare da jinkiri ba.

Lokaci kuma yana da nasa hukunci. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma rainon itatuwa a gonakinsu. Larwanou da Abdoulaye da Reij (2006) sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 1, gawo ne kuma ya fi yawa. Itace yana tohowa daga kututture bayan shekara ashirin. Sanin yadda ake haɗa shi kuwa a ƙwaƙwalwar mutum yake, in ya tafi da shi ya tafi.

Don haka muke ba ɗalibanmu masu shirin fita bincike a wannan yanki shawara huɗu. Ɗaya, a rubuta haɗi da kalmomin mai maganin, da Hausa, kafin a nemi fassararsu da Faransanci. Biyu, a auna: yawan gari, da yawan ruwa, da nauyin kanwa da irinta, da tsawon jiƙo ko dahuwa. Uku, a rubuta lokacin sha, da abin da aka hana ci, da ƙwayoyin asibiti da majinyaci ke sha tare. Huɗu, a nemi mata, domin damun kunu da ɗaurin jarirai a hannunsu suke, kuma a yi haka da yardar masu ilimin da amincewa da haƙƙinsu. Sa'an nan abokan aikinmu na sashen kimiyya su gwada maganin yadda ake shan sa, a kunun da a nonon, ba tsamammen sinadarinsa kaɗai ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Aikin mai tarihi a nan shi ne ya rubuta ko cokali nawa ne, da kuma abin da aka kwaɓa a ciki.